Wa Zai Zauna a Ƙofa

Litinin, 9 ga Satumba, ƙarfe biyu na rana

An yi mana alama a bango. Na dawo daga kasuwar Mokolo da waken ƙosai a kaina na tarar da ita kusa da ƙofa. Jan fenti ne, gicciye amma a karkace, da haruffa biyu a ƙarƙashinsa. Na karanta su da kaina, A da D. Na taɓa da yatsa, bai gama bushewa ba.

Maman Fasto, wadda ta koya mini karatu a zumuntar mata, ita ta ba ni wannan littafi. Ta ce in riƙa rubuta abin da ya dame ni maimakon in zauna ina juya shi a ciki. Wata biyar yana cikin akwati. Yau na ciro shi.

Shekara ashirin da shida muna wannan layi a unguwar Briqueterie, mu kaɗai ne Kirista, ba wanda ya taɓa yi mana kallon banza. To wa ya zo ya zana mana gicciye? Na kulle ƙofa. Ban jiƙa wake ba. 'Yata Jaratu tana shagon da take aiki, ban kira ta ba.

Litinin ɗin dai, ƙarfe biyar na yamma

Maƙwabciyata Hajiya Fanta ta buga ƙofa har sau uku.

"Azumi, buɗe mana. Yaushe kuka shigar da ni cocinku ban sani ba?"

Ta ja ni waje. Ita ma an yi mata. An yi wa shagon Malam Mohaman tela, an yi wa masu soya, wato masu tsire, na bakin hanya, har katangar ƙaramin masallaci. Duk layin ja ne. Na ji sanyi a raina, na kuma ji kunyar abin da na zarga.

Sai na tuna labarin da muka karanta a zumunta, na mutanen da suka shafa jini a ƙofofinsu, mai hallakarwa ya gani ya wuce bai shiga ba. Na ba Hajiya labarin. Ta ce Allah ya sa irinsa ne.

Talata, 10 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Jaratu ta ga alamar jiya da ta dawo. Ta tsaya a gabanta da jaka a kafaɗa har na ce ta shigo tuwo zai huce. Na ba ta labarin jinin ƙofa. Ta ce, "To, Mama." Loma uku ta yi ta ce ta ƙoshi.

Yanzu ta fita tana cewa rediyo ya kama. Haka take ce mini idan ina rubutu, don ba na iya yin shiru. Sai bakina ya faɗi kalma a fili, gaɓa gaɓa, kafin hannuna ya san abin da zai zana. Haka aka koya mini, ban san wata hanya ba.

Laraba, da rana

An yi ruwa mai yawa. Fentin bai motsa ba.

Alhamis, 12 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Jaratu ta faɗa. Muna tsince wake, ba ta ɗaga kai ba. Ta ce A da D ɗin nan Faransanci ne, à démolir, wato a rushe. Za a faɗaɗa hanya a yi babbar kwata. An ba mu zuwa talatin ga wata. Mai unguwa ya tara maza ya gaya musu, masu takardar fili su kai takardarsu. Mu ba mu da ita. Marigayi babansu da baki ya sayi wurin nan, a gaban shaidu biyu, su ma duk sun rasu.

Gaskiya na sani. Na sha ganin alamar nan daga cikin taksi a wasu unguwanni, na kuma ga abin da ke biyo bayanta. Tun ranar Litinin na sani, ban dai so in sani ba.

Na ce, "Idan ya dawo fa?"

Ta ci gaba da tsince waken.

Bari in rubuta wannan sau ɗaya. Ɗana na fari nake nufi. Ba na faɗin sunansa, haka aka tashe mu, uwa ba ta kiran ɗan fari. Kuma sunan surukina aka sa masa, kunyar ta zama biyu. Shekara huɗu ke nan da ya tafi, ya ce zai bi ta Agadez ya nemi aiki a Aljeriya. A shekarar farko yana aiko saƙo ta waya, Jaratu ke karanta mini. Na lura tana tsallake wasu wurare. Dalilin da ya sa na shiga ajin karatu ke nan ina da shekara arba'in da bakwai, da gilashin ido na aro. Lokacin da na fara iya haɗa baƙi, saƙon ya tsaya.

Layinmu ba shi da suna, gidanmu ba shi da lamba. Mai neman mu ana ce masa ya wuce masu soya, ya wuce shagon tela, ya duba koren ƙofa inda ake soya ƙosai. Duk waɗannan za a kwashe su rana ɗaya.

Juma'a, da safe

Na soya ƙosai a ƙofa kamar kullum. Duk mai saye sai ya dubi bango sannan ya dube ni. Ni kuma ina duban bakin layi. Shekara uku ke nan ina duban bakin layi, wuyana ya saba.

Asabar, 14 ga wata, ƙarfe huɗu

Na wanke alamar. Ruwan bilic na Jabel da yashi da soson ƙarfe, tun safe har azahar. Fatar yatsuna biyu ta saɓule. Malam Mohaman ya leƙo daga kan kekensa ya ce, "Mama, idan ta yi miki aiki ki zo ki wanke tawa, zan ɗinka miki zani kyauta." Ban yi dariya ba.

Bangon ya yi fari tas a wurin, ya fi ko'ina haske. Yanzu wurin ma ido ya fi zuwa.

Lahadi, 15 ga wata, bayan sujada

Fasto ya yi wa'azi a kan mutumin da Allah ya ce ya tashi ya bar ƙasarsa, bai gaya masa inda za shi ba. Ina zaune ina jin kamar ni ake nunawa. Na tambayi Jaratu a hanya ko ita ta je ta faɗa. Ta ce ba ta faɗa wa kowa komai ba, wa'azi dai wa'azi ne. Mutumin nan da dukan iyalinsa ya tashi, ba wanda ya bari a hanya yana tahowa. Na so in tashi in faɗi haka a coci.

A zumuntar mata sun zagaye ni za su yi addu'a. Maman Fasto ta ce in faɗi abin da nake roƙo. Na ce gida, da wancan yaron.

"Wane yaro? Faɗi sunansa mu ɗauka."

Na ce Ubangiji ya san wanda nake nufi.

"Azumi, Allah ba surukinki ba ne da za ki riƙa rufe masa fuska."

Mata suka yi dariya. Wata ta faɗi sunan a madadina, aka ci gaba. Na ce amin tare da kowa, amma raina a ɓace yake har yanzu.

Litinin, 16 ga wata, ƙarfe sha ɗaya

Masu fenti sun dawo sun sake zanawa. Wannan ta fi ta farko girma, ta hau har jikin ƙofa. Mai fentin dattijo ne da furfura. Ya ce, "Pardon, Maman," bai dubi fuskata ba.

Talata, da safe

Na ɗauki azumin kwana uku. Abu ɗaya nake roƙo, hanyar ta karkata. Taku goma kawai. Wanda ya tsaga teku ba zai kasa lanƙwasa kwata ba.

Laraba

Azumi. Kaina na ciwo. Ban soya ba, amma na zauna a ƙofa.

Alhamis, 19 ga wata, ƙarfe uku

Masu awo sun zo da igiyarsu da turaku. Na sha ruwa bayan sun tafi, azumin ya ƙare.

Hanyar ta karkata. Ta karkata daidai gidan Hajiya Fanta, ɗakin gaba kawai za ta ci mata, sauran gidan zai tsaya. Namu kuwa turken ƙarshe a bayan ɗakin baya aka kafa shi. Ko wurin ajiye bokiti ba zai rage ba.

Na shiga ɗaki na ce, Ubangiji, ni ce na yi azumin. Na faɗa da ƙarfi. Sannan na ji tsoron bakina na durƙusa na roƙi gafara. Sannan na sake faɗa.

Hajiya ta aiko mini da kunun gyaɗa. Na kasa sha. Matar da ta riƙe ni ranar da aka kawo gawar mijina daga asibiti, yau ina jin haushin bangonta. Na rubuta don in ga muninsa da idona.

Asabar, 21 ga wata, ƙarfe biyar

Jaratu ta samo ɗaki biyu a unguwar Etoudi, bayan kasuwar shanu. Ta ce akwai famfo a tsakar gida, akwai mahauta da direbobi masu sayen ƙosai da safe. Ta ce in zo in gani. Na ce ba na zuwa, wa zai zauna a ƙofa?

Daga nan magana ta lalace. Ta ce lambar wayarta ba ta canja ba, shekara uku tana barin ta a kunne, ko a coci ba ta kashe ta. Ta ce mutum idan yana iya kira, yana kira. Na ce waya takan ɓace, ɓarayi sukan ƙwace, shi kuma ko tasa lambar bai taɓa riƙewa a ka ba, amma ƙafarsa ta san hanyar gidan nan. Ta buɗe baki za ta faɗi wata kalma, na ce idan ta faɗe ta a cikin gidan nan ban yafe ba. Ta haɗiye.

Can ta ce, "Mama, ni ina nan. Ni ce nake nan. Ranar talatin katafila za ta zo, ke kina ciki, ni in yi yaya?"

Ta ɗauki kwali ta shiga haɗa tukwane. Ban taya ta ba, ban hana ta ba.

Lahadi

Ban je coci ba. Na ce ƙafata ce.

Litinin, 23 ga wata, da rana

Masu soya sun kwashe rumfarsu. Malam Mohaman ya cire allon shagonsa, zai koma Ekoudou wajen ƙanensa. Mutane suna cire kwanon rufinsu da ƙofofi da kansu kafin a farfasa musu. Duk yini ƙarar guduma. Na buɗe Littafi Mai Tsarki in karanta, haruffan suka ƙi tsayawa, kamar farkon shigata aji.

Ɗakin baya yana nan yadda yake. Takalmin ƙwallonsa yana ƙarƙashin gado. Jaratu ta ajiye kwali a bakin ƙofar ɗakin ta wuce.

Talata, ƙarfe tara na safe

Maman Fasto ta zo da kanta, ta tsallako baraguzai da takalminta mai tsini. Na zaci faɗa za ta yi mini. Ta zauna a kan turmi ta ci ƙosai huɗu. Na gaya mata na yi wa Allah tsawa. Ta ce ya saba, manya ma sun yi masa, ba ya fushi da mai yi masa magana. Na ce to me ya sa ya lanƙwasa wa Hajiya ya bar ni? Ta ce ba ta sani ba, kuma duk wanda ya ce mini ya sani in kore shi. Ta riƙe hannuna mai ciwo ta yi addu'a gajeriya. Ba ta roƙi a bar gidan ba. Na lura.

Laraba

Kwana biyar.

Alhamis, 26 ga wata, ƙarfe huɗu

Na je gidan Hajiya na mayar mata da kwanon kunu, na ce ta yafe mini. Ta ce me na yi? Na faɗa mata. Ta ce ita ma da ita ce da ta ji haka, har da ƙari.

Na roƙe ta, tunda gidanta zai tsaya, ta riƙa duba mini bakin layi. Ta ce ba za ta iya ba. Ashe ɗanta zai zo ya ɗauke ta zuwa Garwa a watan gobe, a yi mata aikin ido, kuma ba ta jin za ta dawo. 'Yan haya za a zuba a gidan, baƙi, ba wanda ya san fuskarsa.

"Ni yanzu ko ya tsaya a gabana sai ya yi magana zan gane shi. Amma ba ke ce 'yar boko ba? Ga bango."

Ta nuna mini bangon cikin ɗakin gaba, inda agogonta yake rataye. Idan an rushe ɗakin, wannan bangon ne zai koma fuskar gida, yana kallon sabuwar hanya. Ta ce in rubuta duk abin da nake so, za ta sa a cikin sharaɗin haya kada a goge.

Na dawo gida na zauna a ƙofa.

Juma'a

Na gwada a takarda. Na rubuta sauran duka. Wurin kalmar farko na bar fili.

Asabar, 28 ga wata, ƙarfe shida na yamma

An yi.

Malam Mohaman ya ba mu ragowar shuɗin fentin allonsa da buroshi. Muka sauke agogon Hajiya da labule. Jaratu ta ce in kawo ta rubuta, hannunta ya fi sauri. Na ce a'a. Bai taɓa ganin rubutuna ba, bai ma san na iya ba, ina so ya gani.

Na hau kujera, Jaratu na riƙe da ƙafar kujerar, Hajiya na zaune a tabarma da carbinta. Na tsoma buroshi na ɗaga hannu. Hannun ya tsaya. Fenti yana ɗiga a gwiwar hannuna. Na yi ƙoƙari in faɗa a zuci kawai, ba abin da ya zo, ban ga harafin farko ba. Ban taɓa rubuta shi ba, ban taɓa jin sa a bakina ba. Shekara ashirin da takwas.

Jaratu ta ce bari ta faɗa mini haruffan ɗaya bayan ɗaya. Hajiya ta ce, "Ke, ƙyale ta."

Na ce Yesu ka taimake ni. Sannan na faɗa. Muryata ta fito kamar ta wata. Na faɗa sau uku, gaɓa gaɓa, hannuna yana bi.

INJIDDA. MUN KOMA ETOUDI BAYAN KASUWAR SHANU. KA TAMBAYI MAI ƘOSAI. NI MAMANKA NA RUBUTA DA HANNUNA.

Layin ƙarshe ya gangara ƙasa don hannuna ya gaji. Jaratu tana share ido ta ce ba a sa I a farko, Njidda ne, da N ake farawa. Na ce ta bar shi, haka bakina ya faɗa. Ta karɓi buroshin ta rubuta lambarta a ƙasa, manya manya.

Hajiya ta ce a karanta mata. Na karanta mata duka, tun daga farko.

Da muka dawo na ɗauki kwalin na shiga ɗakin baya.

Lahadi, 29 ga wata, bayan sujada

Na je. A zumunta Maman Fasto ba ta tambaye ni komai ba. Da aka zo kaina na ce a yi addu'a domin ɗana Njidda. Ba wadda ta yi dariya. Ban ji sauƙi ba, kada in yi ƙarya a littafin nan. Na dai ji kamar na sauke tulu na sake ɗauka a ɗaya kafaɗar.

Litinin, 30 ga wata, ƙarfe biyu

Masu rusau sun zo ƙarfe takwas. Mun riga mun loda kaya. Koren ƙofar ma Jaratu ta sa an cire, tana saman mota.

Na ce direba ya jira. Ban kalli gidanmu ba, na juya baya, na ji shi da kunne kawai. Bai ɗauki lokacin soya kasko biyu ba. Na juyo lokacin da katafila ta kai ɗakin gaban Hajiya. Ƙura ta tashi ta kwanta. Bangon yana tsaye, rubutun yana waje, rana tana dukansa. Mutane suka tsaya suna karantawa. Wani ɗan sanda ya tambayi na kusa da shi me aka ce, aka fassara masa.

Na ce direba mu tafi.

Laraba, 2 ga Oktoba, Etoudi, da safe

Warin shanu. Ɗakin ba ya kallon hanya, yana kallon bayan wani gareji. Ban san kowa ba. Na fito da kasko na rasa inda zan fuskanta.

Alhamis, 3 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Jiya da yamma na tashi zan ɗauki mayafi in hau taksi zuwa can, in zauna ko a kan baraguzai ne. Jaratu ta gan ni, ta tsaya da tsintsiya a hannu. Ta rame. Ban lura ba sai jiya. Na ajiye mayafin.

Yau da na durƙusa na gaya wa Ubangiji yadda abin yake. Na ce ban gane abin da ka yi ba, ban kuma ce na ji daɗinsa ba. Shekara uku ni ke zaman ƙofa, ka ɗauke ƙofar. Ni mutum ɗaya ce, ba zan iya zama wuri biyu ba, kai kana iyawa. Ni zan zauna nan da Jaratu. Kai ka zauna can bakin layi. Idan Njidda ya zo, ka juya masa kai wajen bangon Hajiya, don shi ba ya duba gefe idan yana tafiya. Idan kuma yana wurinka tuni, ka san yadda za ka gaya mini a hankali.

Wani mahauci ya leƙo yanzu yana tambaya ko nan ne aka ce za a riƙa soya ƙosai. Na ce gobe. Bari in je in jiƙa wake.

Ranar Asabar zan je in duba ko fentin ya riƙe. Ruwan bana ya yi yawa.